Baƙi Sun Ɗauki Fili, Wa Zai Ɗauki Gari? Darussa daga Ƙofar Mata zuwa Potiskum

Daga 1999 zuwa 2009, sau uku Kano tana saukar manyan baƙin ƙwallon ƙafa. A watan Afrilun 1999 tana cikin birane takwas da suka karɓi gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, kuma a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ne Najeriya ta fitar da Ailan da bugun fenariti. A farkon shekarar 2000 aka kawo gasar cin kofin Afirka wadda Najeriya da Gana suka yi tarayya wajen ɗaukar nauyinta, Masar da Senegal da Zambiya da Burkina Faso suka yada zango a Kano. Sai kuma gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17, wadda aka fara ranar 24 ga Oktoba aka kammala ranar 15 ga Nuwamba, 2009.

A tsakanin waɗannan shekaru ne kuma sana'ar fim ɗin Hausa ta miƙe da ƙafafunta a wannan birni. Tun a 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya. A 1999 mujallar Fim ta fara fitowa, mujallar Tauraruwa kuma ta raɗa wa sana'ar sunan Kannywood. A 2001 gwamnatin jiha ta kafa Hukumar Tace Fina-finai. Wato duniya ta zo Kano sau uku a daidai lokacin da garin yake cike da masu riƙe da kyamara. Duk da haka, na daɗe ina tambayar abokan sana'a ko akwai wanda ya adana yadda garin kansa ya kasance a waɗancan kwanaki, abin da ke hannunmu bai taka kara ya karya ba. Wasannin suna nan a ajiye a wurin masu su. Mutanen da suka yi wa wasannin masauki su ne ba a gani.

Ni ɗan Potiskum ne, sana'ata ɗaukar bidiyo: ɗaurin aure, suna, saukar Alƙur'ani, hawan sallah. A kakar 2009 maigidana, wanda ya fara ɗora mini kyamara a kafaɗa kafin ya koma Kano da zama, ya aiko in je in taya shi aikin wani fim. Furodusan yana son fim ɗin ya shiga kasuwa da Babbar Sallah, wadda ta faɗo a ƙarshen Nuwamban shekarar, domin a wancan zamani, da sallah ne dillalan Ƙofar Wambai suke sayar da faifai kamar ba gobe. Lokacin kuwa aikin fim a Kano ba wasa ba ne. Bayan dakatarwar da aka yi wa sana'ar a 2007 an tsaurara dokoki, sai da rajista, sai an duba labari kafin a ɗauka, har 'yan fim da yawa suka koma Kaduna da Jos da aiki. Furodusanmu ya cika takardunsa, ya ce shi a cikin birni zai yi. Haka na bi ta Azare da Jama'are da Wudil na shiga Kano, na tarar da fim ɗinmu da gasar duniya sun haɗa kwanaki. Abin da na koya a makonnin nan, da shi nake aiki har yau.

Darasi na farko: aikin yana ƙarewa ne kafin a fara shi

Gidan da aka ba mu aro don ɗauka yana cikin birni, ba nisa da Ƙofar Mata, saboda haka kullum sai mun wuce ta gefen filin. Kwanaki kafin wasan farko muka fara ganin ma'aikatan da za su watsa gasar ta talabijin, baƙi da 'yan ƙasa, suna ta kai da komo a kusa da babbar motarsu. Maigidana ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, tsaya ka kalli mutanen nan da kyau. Makaranta ce kyauta."

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wayoyi. Kowace waya da suka shimfiɗa, akwai lamba a manne a bakinta na nan da bakinta na can, ta yadda ko cikin duhu wani abu ya tsinke, ba sai an bi ta da lalube ba. Inda waya za ta ratsa hanyar mutane sai a rufe ta. Wani ɗan unguwa da suka ɗauka aikin jan waya ya gaya mana cewa a daidai sa'ar da za a take wasa suke fitowa su duba inda rana take faɗawa, su gwada kowace kyamara a wurinta, su yi magana da juna ta abin kunne kamar wasan ake yi, alhali ba kowa a filin sai masu ban ruwa. Injin wuta ma biyu ne, ɗaya na aiki, ɗaya na jira.

Dalilinsu a bayyane yake. A lokeshan, idan jarumi ya yi tuntuɓen harshe darakta zai ce a tsaya a sake. A ƙwallo kuwa babu wanda zai ce wa ɗan wasa ya dawo ya sake cin ƙwallon saboda batir ya mutu. Minti 90 ne, abin da ya wuce ya wuce. A lokacin, yawancinmu a sana'ar fim ɗin Hausa sai an isa lokeshan ake tuna kaset bai isa ba, a tura yaro a kan acaɓa ya sayo, 'yan wasa suna zaune da kwalliya tana narkewa. Ba rashin basira ba ne, ƙarancin kuɗi ne da sabo da gaggawa. Amma rubuta jerin kayan aiki a takarda tun da dare ba ya cin ko kwabo.

Da na dawo gida sai na ga ashe aikina ya fi kama da nasu fiye da na lokeshan. Ɗaurin aure 'yan mintoci ne, liman ba zai maimaita siga saboda ni ba. Ranar hawan sallah sarki sau ɗaya yake wucewa ta gabanka. Tun daga lokacin, duk aikin da na karɓa sai na je wurin ana gobe, na ga ta inda rana za ta fito, na san inda zan tsaya ban tare wa manya hanya ba, na tambayi ta ƙofar da za a shigo da wadda za a fita. Da sanyin safiya ake kama fara.

Darasi na biyu: kada ka yi jayayya da garin da ke da baƙi

Birnin da ya sauki babban taro yana sauya hali. Ranar wasa ana tare wasu hanyoyi, jami'an tsaro su yi yawa, duk wanda aka gani da babbar jaka sai ya buɗe ta. Masaukai suka yi tsada, masu ba da hayar janareto suka ƙara kuɗi. Jarumarmu da ke zuwa daga wajen Zoo Road, tafiyar da ta saba yi kafin shayi ya huce sai ta kai ta tsakar rana. Wasu wasannin da la'asar ake yi, wasu bayan magariba, kuma tun sa'o'i kafin lokaci unguwar take cika da ƙarar babura da 'yan A Daidaita Sahu da masu busa da ganga.

Daraktanmu bai ɓata lokaci yana ƙorafi ba. Ya nemo jadawalin wasanni ya manna a bangon zaure kusa da jadawalin ɗaukarmu. Duk fitowar da ke buƙatar titi ko kasuwa ya mayar da ita ranakun da ba wasa, ko da sassafe bayan asuba. Ranakun wasa kuma muka shige cikin ɗakuna. Amma sauti ba ya jin katanga.

Wata la'asar muna ɗaukar wata fitowa a zaure. Uba ne zaune a kan buzu yana yi wa ɗansa nasiha a kan ya bar zaman kashe wando ya bi shi kasuwa. Dattijon da ke fitowa a uban ya kai ga tsakiyar maganarsa, muryarsa ta yi ƙasa yadda ake so, mai riƙe da makirfo ya sauke sandarsa kusa da rawaninsa, sai aka ci ƙwallo a fili. Ihun dubban mutane ya taso ya ratsa lunguna ya cika zauren. Mai sauti ya cire abin kunnensa ya girgiza kai. Amma yaron da ke fitowa a ɗan, ba tare da ya yi niyya ba, idonsa ya riga ya tafi bakin ƙofa, ƙafarsa ɗaya ta motsa kamar zai tashi. Dattijon ya gani, ya yi shiru yana kallonsa, sannan ya sunkuyar da kai.

Darakta ya jima bai ce komai ba. Can ya dubi maigidana ya ce, "Yallaɓai, ka samu?" Ya ce, "Na samu." Ya ce, "To ba za a sake ba." Ihun nan ya faɗi abin da shafi biyu na rubutu suke ta ƙoƙarin faɗa: jikin yaron yana gaban ubansa, zuciyarsa tana wani wuri. Daga nan ya sa mai sauti ya hau soro ya naɗo hayaniyar filin ita kaɗai, domin edita ya samu abin shimfiɗawa a ƙarƙashin sauran fitowar yadda ba za a ji tsinkewa ba.

Daga baya na san cewa akwai wanda ya gina fim sukutum a kan wannan dabara. Jafar Panahi, ɗan ƙasar Iran, ya ɗauki wani ɓangare na fim ɗinsa mai suna Offside a 2005, a ranar da Iran ta kara da Bahrain a filin Azadi na Tehran wajen neman gurbin gasar kofin duniya. Labarin wasu 'yan mata ne da aka tsare a bayan bangon fili saboda an hana mata shiga. Da kyar ake ganin wasan a fim ɗin, ihun 'yan kallo ne yake ba da labarin abin da ke faruwa a ciki. Iran ta ci ɗaya da nema, murnar da ta ɓarke a tituna ta gaske ce, ita ce kuma ta zama ƙarshen fim ɗin. A 2006 ya samu kyauta a bikin fina-finai na Berlin. Babu furodusan da ke da kuɗin tara taron mutane irin wannan. Gari ne yake bayar da shi kyauta ga wanda ya shirya, ya kuma iya sauraro.

Darasi na uku: cikin fili na da masu shi, waje namu ne

Furodusanmu ya so a shiga filin a ɗauko 'yan mintoci don ƙawata fim. Nan muka koyi cewa hoton wasa kaya ne na sayarwa. Hukumar FIFA ce ke da haƙƙinsa, ita take sayar wa gidajen talabijin, kuma ba a shiga da kyamarar aiki sai da katin izini da aka nema tun da wuri. Wasu cikinmu suka ji haushi. Maigidana kuwa ya miƙo mini ƙaramar kyamara da kaset ɗaya na MiniDV mai cin sa'a guda, ya ce, "Bar musu ciyawar. Duk kyamarorinsu ciki suke kallo. Kai je ka ka juya wa filin baya."

Abin da na gani da na juya ya fi ƙarfin kaset ɗaya. Masu tsire sun jera tukubarsu hayaƙi na tashi. 'Yan mata da farantan gyaɗa da dafaffen ƙwai. Wani tela ya ɗinka tutocin ƙasashen da watakila bai taɓa jin sunansu ba sai a makon, yana sayarwa. Almajirai sun kewaye wani mai rediyo suna bin wasan da ake yi a bayan katangar da suka jingina da ita. Da aka kira sallar magariba, sahu ya miƙe a gefen titi, wasu da rigunan Kano Pillars, wasu da na kulob-kulob na Turai.

Akwai wani dattijo mai gyaran takalma da ya kafa akwatinsa a gindin bango. Na durƙusa na gaishe shi na ce, "Baba, ina neman izini in ɗauke ka kana aikinka." Bai ɗago ba sai da ya gama zare zaren da ke bakinsa. Ya ce, "Ɗana, ina za ka kai ni?" Na yi masa bayani gwargwadon abin da na sani: fim ne na Hausa, mai yiwuwa a sa hoton, mai yiwuwa kuma ba za a sa ba. Ya ce, "Da ka ɗauka ba ka tambaya ba, da na bar ka da Allah. Tunda ka tambaya, bari in gyara hulata." Ya gyara, ya ci gaba da ɗinki, yana ba ni labarin yadda wurin yake tun kafin a gina filin, da yadda ya ga baƙin 1999 da na 2000, da irin takalman da kowane taro yake kawo masa.

Abu biyu na ɗauka daga wurinsa. Na ɗaya, izini ba ya rage wa hoto gaskiya, ƙara masa yake yi, domin wanda aka girmama shi ne yake sakin jiki ya yi magana. Na biyu, manyan kamfanoni suna da kuɗi da na'urori, amma ba su da harshen da za su gaisa da wannan dattijo, ba su kuma san cewa akwai abin tambaya a wurinsa ba. Wannan rabon namu ne.

A cikin yaran Sifaniya da suka buga wasannin rukuninsu a Kano a shekarar akwai Isco da Koke da Morata da Muniain da Sergi Roberto. Sifaniya ta ƙare ta uku, Najeriya ta sha kashi a hannun Suwizalan da ci ɗaya da nema a wasan ƙarshe a Abuja, ɗan wasanmu Sani Emmanuel ya zama gwarzon gasar. Bayan 'yan shekaru, a gidajen kallo na Potiskum na sha jin samari suna musu a kan Isco yana Real Madrid, idan na ce musu a Ƙofar Mata ya taka leda yana yaro sai su yi mamaki. Mai son tabbatarwa zai iya samun hoton wasan. Amma wa zai nuna musu Kanon da ta karɓe shi?

Darasi na huɗu: wanda bai adana ba, bai ɗauka ba

Daga cikin sa'ar nan da na ɗauko, edita ya yanki 'yan daƙiƙoƙi ya sa a fim. Na miƙa kaset ɗin ga kamfanin tunda kayansu ne. Da na koma Kano bayan sallah na tambaya, sai aka ce an ɗora wani aikin a kansa. Haka al'adar take a wurare da yawa a lokacin: kaset kuɗi ne, kwamfutar edita ba ta da wurin ajiya, da zarar fim ya shiga kasuwa sai a goge a shiga na gaba. Dattijon da labarinsa, da telan da tutocinsa, duk suka tafi saboda 'yan ɗaruruwan naira.

Akwai kuwa waɗanda suka adana suka ga amfaninsa. A 1974 wani Ba'amurke mai suna Leon Gast ya je Kinshasa ɗaukar bikin kiɗa da damben Muhammad Ali da George Foreman. Aka ɗaga damben saboda Foreman ya ji rauni a saman ido wajen atisaye, sai ranar 30 ga Oktoba aka yi. Gast ya yi amfani da makonnin jira yana bin Ali cikin jama'ar gari. Rashin kuɗi da rigingimun mallaka suka hana fim ɗin fitowa, amma bai yar da abin da ya ɗauka ba. Sai a 1996, bayan shekara 22, When We Were Kings ya fito, ya kuma ci kyautar Oscar a 1997. Mu ma muna da misali a gida. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa ya daɗe ana ɗaukar ya ɓace, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a Berlin a 2018. Da wani bai ajiye gwangwanayen fim ɗin nan ba, da sai dai labari.

Mu mutanen Potiskum ba sai an je da nisa an nemo mana dalili ba. A farkon watan Mayun 2012 aka kai wa kasuwar shanunmu hari da dare, aka kashe mutane da dabbobi, aka ƙona dukiya. Ranar 10 ga Nuwamba, 2014 bam ya tashi a tsakiyar ɗalibai suna taron safe a makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati. A watan Yunin shekarar, a Damaturu, an kai hari wurin da mutane ke kallon wasan Brazil da Meziko na gasar kofin duniya. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba iyalansu haƙuri.

Bayan waɗannan shekaru wani irin ciniki ya fara zuwa shagona wanda ban taɓa tsammani ba. Mutane suna zuwa neman tsohon bidiyon bikin da ba nasu ba. Wata baiwar Allah ta zo da ƙaninta, ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce, "Malam, an ce kai ka ɗauki bikin gidan maƙwabtanmu shekarun baya. Ɗana yana cikin masu raba ruwa a wurin. Ba ni da hotonsa mai motsi ko ɗaya." Na ce, "Hajiya, shigo ki zauna, bari in duba." Allah Ya sa tun bayan abin da ya samu kaset ɗin Kano nake ajiye asalin kowane aiki da kwanan wata a jikinsa. Muka same shi. Bai kai minti ɗaya ba: yaro ne ɗauke da buhun ruwan leda a kafaɗa, ya ratsa ta bayan 'yan ɗaurin aure, wani ya tsokane shi, ya waigo yana dariya. Ta ce in mayar. Na mayar. Ta ce in sake mayarwa. Ranar na gane cewa mutumin da ke wucewa ta bayan hoto, wanda ba don shi aka kira ka ba, wata rana shi ne dalilin ajiye hoton.

Darasi na biyar: babban taronmu yana ƙofar gida

Potiskum ba ta da filin da FIFA za ta kawo gasa, kuma ba ma buƙatar jiran hakan. Kasuwar shanunmu tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. Duk mako Fulani da dillalai da fatake da direbobin tirela da 'yan lodi suke haɗuwa a cikinta, a loda dabbobi zuwa Legas da sauran biranen kudu. Akwai hawan sallah a fadar Mai Martaba Sarkin Fika, wadda ta dawo Potiskum tun 1924, da fadar Mai Martaba Mai Potiskum. Akwai wasannin ƙarshe na gasar unguwanni, inda gari ke fitowa ƙwansa da kwarkwatarsa, a yi kiɗa, a yi kuka, a ɗaga yaro a kafaɗa. Akwai dambe da kokawa da langa bayan an kawar da amfanin gona. Akwai tsofaffi masu Bolanci da Ngizimanci da Karekare a bakinsu, da tarihin da ba a rubuta ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana buƙatar abubuwa huɗun da na lissafa: shiri, bin halin wuri, neman izini, da adanawa.

Lokacin da na fara ɗaukar kasuwar shanu, sai da na fara zuwa hannu rabbana na gaishe da shugabannin kasuwa, na faɗi abin da ya kawo ni. Suka haɗa ni da wani dillali ya zagaya da ni. Shi ya nuna mini cewa ba a ɗora kyamara a kan mutum yana ƙirga kuɗi, ba a kuma tsoma ta a tsakiyar ciniki kafin a ce albarka ko a sallama. Ya nuna mini lokacin da ƙura ba ta tashi ba, da inda zan tsaya sa bai taka ni ba wajen lodi. Babu makarantar fim da za ta koya maka wannan, sai 'yan wurin.

Yau wayar da ke aljihun ɗan sakandare ta fi kyamarar da na riƙe a 2009 fitar da hoto garau. Kayan aiki sun daina zama uzuri. Abin da ya rage shi ne tarbiyyar aikin, kuma ga abin da nake gaya wa yaran da ke koyo a wurina. Kafin ka fara ɗauka, faɗi wuri da rana da shekara da bakinka su shiga cikin hoton. Kusanci mai magana, domin mutane suna haƙuri da hoto mai duhu amma ba sa haƙuri da muryar da ba a ji. Riƙe hannunka ya tsaya cak, ka ƙirga goma a zuci kafin ka motsa. Idan kowa ya fuskanci wuri ɗaya, kai waiga ka ga masu kallon. Tambayi sunan wanda ka ɗauka, idan ya ce a'a ka sauke wayar ka yi masa godiya. In ka koma gida ka juye aikin a wuri biyu, ɗaya a shago ɗaya a wani gidan, kada ka dogara da Facebook ko TikTok su zama rumbunka, domin shafi yana rufuwa, waya tana ɓata.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ina roƙon masarautunmu biyu da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke garin nan su duba yiwuwar ware ɗaki guda, da kwamfuta da ma'aji, inda duk mai tsohon kaset ko faifai na taron gari zai kawo a juye a mayar masa da kayansa. Kaset yana lalacewa da zafi da ƙura, na'urorin kunna shi kuma suna ƙarewa a kasuwa. Masu ɗaukar bidiyo na zamanin farko suna tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya, akwatunansu suna ɗakin ajiya ana shirin zubarwa. Haka nan ƙungiyoyin da ke shirya gasar unguwanni, idan suna ware kuɗin alƙalin wasa da na kofi, su ware na wanda zai ɗauki ranar, cikin fili da wajensa.

Ga abokan sana'ata na Kano da Kaduna da Jos kuwa, duk ranar da wani babban taro ya sake sauka a garinku, ko na ƙwallo ne ko na hawan daba ko na dambe, ku zauna tun da watanni ku raba unguwanni a tsakaninku, ku nemi takardun izini da wuri, ku fita da niyyar ɗaukar masu masauki. Baƙi za su zo da nasu kyamarorin, za su yi aikinsu da kyau, su koma da shi ƙasashensu. Jikokinmu kuwa idan suka tashi neman fuskokin kakanninsu, mu za su tambaya, kuma ya kamata su tarar mun ajiye musu.